Muthaiga da kurmin Karura: yadda unguwar attajiran Nairobi ta zauna a gindin daji

"Malam, a watan jiya na je wani kwas a Nairobi, a harabar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Gigiri. Kullum motar da ke ɗaukarmu takan ratsa ta wata unguwa da ake kira Muthaiga, inda ba ka ganin gida sai ƙofa da shinge da manyan itatuwa, ga kuma kurmi sosai a gefenta, alhali a cikin birni ake. Amma da ka gangara kaɗan sai ka faɗa Mathare, inda ko inuwar da akuya za ta fake da wuya ka samu. Shin masu kuɗin ne suka shuka dajin nan, ko kuwa tarar da shi suka yi suka zauna a gindinsa? Kuma yaya aka yi ya tsira a birnin da fili ke da tsada haka?"

Malam, tambayarka guda biyu ce a haɗe: wane ne ya riga wani zuwa tsakanin daji da dukiya, sannan me ya hana a cinye dajin. Aikina shi ne tsara birane, kuma na yi wasu watanni a Nairobi ina nazarin yadda aka raba filayen arewacin birnin, saboda haka na taka wuraren da ka ambata da ƙafata. Kafin mu shiga tarihi akwai wani bambanci da ya kamata ka riƙe, domin idon baƙo yakan haɗa abu biyu ya ɗauke su ɗaya. Akwai kurmin Karura, wanda gandun daji ne na gwamnati mai faɗin hekta 1,041, mallakar al'ummar Kenya baki ɗaya. Akwai kuma itatuwan da ke cikin gidajen Muthaiga da bakin titunanta, waɗanda na masu gidajen ne. Daga cikin mota duka inuwa ɗaya ce, amma asalinsu daban, haka ma dalilin wanzuwarsu zuwa yau.

Yadda ƙasar take kwance

Nairobi tana zaune ne a daidai inda ƙasa iri biyu suka haɗu. Ta kudu da gabas akwai filin Athi, shimfiɗaɗɗe, mai ciyawa da 'yan ƙayoyi, ƙasarsa baƙar laka ce wadda ke kumbura da damina ta riƙe ruwa, da rani kuma ta tsattsage har ƙafa ta faɗa. Wanda ya san firgin yankin Tafkin Chadi ya san irinta. Ta arewa da yamma kuwa ƙasa takan fara hawa zuwa tsaunukan ƙasar ƙabilar Kikuyu, kuma a can jangargari ne mai zurfi wanda ya samo asali daga duwatsun aman wuta, yana shan ruwa ya tsane ba tare da ya yi taɓo ba. Birnin yana kan tsayin kimanin mita 1,700 daga doron teku, shi ya sa ka ji sanyi duk da cewa tazarar da ke tsakaninsa da layin da ya raba duniya biyu ba ta da yawa.

Ƙoramu da dama suna gangarowa daga tsaunukan nan, suna tafiya daga yamma zuwa gabas kusan a jere, kowace ta haƙa wa kanta kwari mai zurfi, ta bar dogon tudu tsakaninta da maƙwabciyarta. Idan ka buɗe yatsun hannunka ka kifa a kan tebur, yatsun su ne tuddan, tsakankaninsu kuma kwaruruka. Muthaiga tana kan ɗaya daga cikin yatsun nan, kimanin kilomita biyar daga tsakiyar birni, ƙoramar Mathare na bi ta kudancinta, ƙoramar Gitathuru kuma ta arewacinta, inda daga nan kurmin Karura ya fara. Babban titin unguwar ya bi doron tudun ne daga titin Limuru har zuwa shataletalen da titin Thika da na Kiambu suka haɗu, gidaje kuma suka jeru hagu da dama suna kallon kwari.

Wani abu da ke ba ɗalibaina mamaki shi ne ruwan saman da wannan yanki ke samu a shekara yana tsakanin milimita 900 ne zuwa 1,000, wanda bai fi na Zariya ba. To me ya sa can kurmi ne, nan kuma daji mai ciyawa da kaɗanya da ɗorawa? Dalili shi ne rabon ruwan da kuma sanyi. Nairobi damina biyu take yi, babba daga Maris zuwa Mayu, ƙarama daga Oktoba zuwa Disamba, a tsakiya kuma watannin Yuni da Yuli da Agusta sukan zo da hadari da sanyi, rana ba ta ƙone danshin ƙasa. Itace bai taɓa fuskantar rani na wata shida ko bakwai da iskar hunturu irin namu ba. Wannan ne ya haifar da kurmin tsauni mai ɗan bushewa, wanda a da ya lulluɓe gefen ƙasar Kikuyu ta kudu, kuma Karura da kurmin titin Ngong da na Oloolua da ɗan abin da ya rage a lambun birni na City Park duka ragowarsa ne.

Saboda haka amsar farko a fili take: daji ya riga dukiya zuwa da ɗaruruwan shekaru. Sunan unguwar ma daga dajin ya fito, domin galibin masu bayani suna danganta shi da wani itace da Kikuyu ke magani da ɓawonsa, wanda masana tsirrai ke kira Warburgia ugandensis. Wani ma'aikacin gandun daji ya taɓa tsinko mini ganyensa ɗaya ya ce in tauna. Da farko ban ji komai ba, can sai yaji ya taso mini kamar na barkono haɗe da masoro, ya kama harshe ya ƙi saki har muka yi tafiya mai nisa. Ya ce da shi kakanninsa ke maganin ciwon ciki da mura da ciwon haƙori.

Kuma dajin ba marar mai shi ba ne. Kikuyu manoma ne masu tsarin mallakar ƙasa ta zuri'a, kuma sun bar wannan kurmi na bakin iyaka a tsaye da gangan, yana zame musu garkuwa tsakaninsu da Masai makiyaya da ke filin ƙasa, ko da yake ta nan ɗin ne kuma ake cinikayya da auratayya tsakanin ɓangarorin biyu. Sunan Nairobi kansa na Masai ne, yana nufin wurin ruwa mai sanyi.

Daga gonar shanu zuwa unguwar Turawa

A 1899 layin dogon da Ingilishi ke shimfiɗawa daga Mombasa zuwa Tafkin Victoria ya iso wannan wuri a mil na 327. Injiniyoyi suka zaɓe shi ya zama zango saboda shi ne fili na ƙarshe mai ruwa kafin a fara hawan tsauni. Zaɓi ne mai kyau ga jirgin ƙasa, amma mummuna ga mazauna, domin tashar da kasuwar da rumfunan ma'aikata duka a kan baƙar lakar nan aka kafa su, a bakin fadama. Da damina gari ya zama taɓo, ɓeraye suka yi yawa, a 1902 annoba ta ɓarke har hukuma ta ƙone kasuwar Indiyawa. Tun daga lokacin manyan jami'ai suka fara hawa tudu suna gina gidajensu a kan jangargari, kuma wannan rabo na tudu da kwari shi ne ƙashin bayan taswirar Nairobi har gobe.

Lokacin da Turawa suka zo ya yi daidai da wata babbar musiba. A ƙarshen shekarun 1890 cutar bushiya ta kashe shanu, fari da yunwa suka biyo baya, sannan agana ta shigo, mutane da yawa na kudancin ƙasar Kikuyu suka mutu, wasu suka ƙaura arewa wurin dangi da niyyar dawowa. Baƙin suka ga gonaki sun zama saura, suka ce ƙasa ce marar kowa. Dokar filaye ta 1902 ta ba hukuma ikon bayar da irin wannan ƙasa haya ta shekara 99, ta 1915 kuma ta tsawaita wa'adin filayen noma zuwa shekara 999. Da masu ƙasar suka dawo sai suka tarar da shinge. Wannan ƙorafi na ƙasa shi ne ya yi ta ruruwa har ya zama tawayen Mau Mau, wato yaƙin da aka yi da mulkin Turawa, bayan shekara hamsin.

Tudun Muthaiga ya fara ne a matsayin gonar shanu da ke kai wa Nairobi madara da man shanu. Wajen 1912 wani tsohon hafsan sojan Birtaniya mai dukiya, James Archibald Morrison, ya sayi filin ya yanka shi manyan fulotai domin gidajen zama, ya kuma ɗauki nauyin gina kulob. An buɗe Muthaiga Country Club a daren ƙarshe na shekarar 1913, gini mai launin hoda wanda yake nan har yanzu, kuma nan da nan ya zama mahaɗar manyan Turawa masu gonaki, irin su Lord Delamere, idan sun shigo gari. A nan Lord Erroll, ɗaya daga cikin manyan Turawan, ya ci abincinsa na ƙarshe a Janairun 1941 kafin a tsinci gawarsa da harbi a cikin mota a wajen gari, kisan da shari'arsa ta ja hankalin jaridun Ingila a tsakiyar yaƙin duniya. Abin da ya fi muhimmanci ga tambayarka shi ne unguwar ta tashi ne a wajen iyakar Nairobi, da hukumarta ta kanta da dokokinta na gini, sai a 1928 aka shigar da ita cikin birnin, kuma ta shiga da sharuɗɗanta: babban fili, gida ɗaya a cikinsa, babu shago, babu masana'anta.

A nan akwai igiyar da ta haɗa labarin da namu. Sir Percy Girouard, wanda ya mulki Arewacin Nijeriya daga 1907 zuwa 1909 kuma ya jagoranci aikin layin dogon Baro zuwa Kano, daga nan Nairobi aka tura shi, ya yi gwamna har 1912. Haka kuma Farfesa William Simpson, likitan da gwamnatin Birtaniya ta aiko Afirka ta Yamma a 1908 saboda annobar da ta ɓarke a Accra, shi ne aka tura Nairobi a 1913, kuma shawararsa a wuraren biyu iri ɗaya ce: a raba mazaunin Turawa da na sauran jama'a, a bar fili a tsakani da sunan kiwon lafiya. Irin wannan tunani ne ya shiga dokar garuruwa ta Lugard ta 1917, wadda ta tanadi tazarar yadi 440 da ba a gini a cikinta tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Idan ka san Nassarawa a Kano da manyan filayenta da itatuwanta, ka san ƙanwar Muthaiga. Bambancin shi ne a Kano an samu tsohon birni mai ganuwa da sarautarsa, Turawan kuma ma'aikata ne masu komawa gida, a Nairobi kuwa sun zo ne da niyyar zama har abada, kuma su suka zana birnin tun daga tushe.

A 1923 gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa ba za a raba unguwannin birane tsakanin Turawa da Indiyawa ta hanyar doka ba. Wannan bai canza komai a Muthaiga ba, domin sharaɗin yana cikin takardun mallakar filayen kansu, inda aka rubuta cewa ba za a sayar ko a ba wanda ba Bature ba ya zauna, in ban da barorin gida. Baƙar fata kuwa ana ɗaukarsa ɗan ci-rani ne a birnin, yana yawo da takardar shaida da ake kira kipande a cikin ɗan gwangwani rataye a wuya, an keɓe masa unguwanni irin su Pumwani a can gabas kan baƙar laka. Babban tsarin birnin na 1948, wanda ƙwararru daga Afirka ta Kudu suka zana, bai rubuta wariyar launin fata ɓaro-ɓaro ba, amma ya tabbatar da ita ta hanyar ƙayyade yawan gidajen da za a gina a kowace eka, unguwa-unguwa. A ganina wannan ne makami mafi ƙarfi a duk labarin, domin doka mai ambaton launin fata takan mutu ranar da aka samu 'yanci, ita kuwa dokar girman fuloti ba wanda ke ganin laifinta, sai ta ci gaba da aiki.

Itatuwan cikin gida da na gandu

Yanzu mu koma kan bambancin da na fara da shi. Inuwar da ka gani a cikin unguwar rabi gado ce rabi shuka. An bar wasu tsofaffin itatuwan kurmi a tsaye lokacin da ake gini, musamman a gangaren kwari inda sara ke da wuya, sannan aka shigo da na ƙetare: jakaranda mai furanni shuɗi-shuɗi daga Kudancin Amurka, da itacen turare da gireviliya daga Ostireliya, da shingen wata ƙaya mai 'ya'ya rawaya da mutanen wurin ke kira kayaba. Itace yana buƙatar abu uku, wato wuri da ruwa da shekaru masu yawa ba tare da an taɓa shi ba, kuma fulotin da ya kai eka ɗaya ko biyu, mai gida ɗaya da mai kula da lambu, yana ba shi duka ukun. A wannan ma'ana kana da gaskiya idan ka ce masu kuɗi ne suka shuka.

Shi kuwa Karura, an ayyana shi gandun daji na hukuma a 1932, kuma ba don sha'awar kyansa aka yi ba. Jiragen ƙasa na farko da itace suke tafiya, gari kuma yana buƙatar katako da makamashi, saboda haka aka sare babban ɓangare na kurmin asali aka maye gurbinsa da itatuwa masu saurin girma. Lambun gwajin itatuwa na Nairobi ma don wannan aka kafa shi a 1907. Shi ya sa idan ka shiga Karura za ka ga daji iri biyu. Wani wurin itatuwan turare ne a jere kamar sojoji, ƙarƙashinsu fayau sai busasshen ganye, ba ka jin motsin komai. Da ka gangara bakin ƙorama sai yanayi ya canza, ka shiga kurmin asali mai zaitun daji da muhugu da itacen maganin nan, kurangu sun sarƙe, birai na tsalle a sama, ƙasa da danshi. Lokacin da aka fara gyaran dajin, kurmin asali bai wuce kashi ɗaya cikin uku da 'yan kai ba. A cikinsa akwai matsirgar ruwa mai tsayin kimanin mita 15, da koguna a jikin dutse waɗanda ake cewa mayaƙan Mau Mau sun ɓuya a ciki a shekarun 1950, da gada da mazo da beguwa da aladen daji, da tsuntsaye kusan iri 200.

Bayan 'yancin kai a Disamban 1963 sharaɗin launin fata ya faɗi, amma girman fuloti da tsada suka tsaya. Ministoci da manyan 'yan kasuwa, baƙaƙe da Indiyawa, suka sayi gidajen da Turawa suka bari, ƙasashen waje kuma suka mayar da da yawa gidajen jakadunsu. Marigayi shugaba Mwai Kibaki a Muthaiga gidansa yake. Sai kuma aka zaɓi Nairobi a 1972 ta zama hedikwatar hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka ba ta fili a Gigiri, a ɗaya gefen dajin, inda a da gonakin gahawa ne, hukumar kula da matsugunai ta biyo baya a 1978, ofishin jakadancin Amurka ma ya koma can bayan harin bam na 7 ga Agustan 1998 a tsakiyar birni. Ta haka Karura ya samu kansa kewaye da filaye mafiya tsada a Gabashin Afirka: Muthaiga ta kudu, Gigiri da Runda ta arewa.

Yadda dajin ya tsira

Mutum zai zaci maƙwabtaka da attajirai ce ta kare dajin. Abin da ya faru kusan akasin haka ne, domin tsadar filayen kewaye ita ta sa idon masu iko ya faɗa kansa. A shekarun 1990, zamanin shugaba Daniel arap Moi, aka riƙa yanka dajin a ɓoye ana raba wa kamfanoni masu alaƙa da manya, har abin da aka bayar ya kusa rabinsa. Jama'a ba su farga ba sai a 1998, lokacin da aka ga motocin rusau sun shiga suna share wuri domin gina gidajen alfarma.

Wadda ta tsaya a gaba ita ce Farfesa Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar shuka itatuwa ta Green Belt Movement a 1977. Ita da matan ƙungiyarta, galibinsu matan karkara, suka riƙa shiga wurin da aka share suna dasa itatuwa, ana tumɓukewa suna sake dasawa. A Oktoban 1998 masu zanga-zanga suka ƙone kayan aikin 'yan kwangila. Ranar 8 ga Janairun 1999 ta koma bakin dajin da ɗan itace a hannu, tare da wasu 'yan majalisa da 'yan jarida, sai 'yan daba da aka ɗauko gadi suka far musu da kulake da bulala, aka fasa mata kai. Da ta je kai ƙara wurin 'yan sanda, da jinin da ke zuba daga kanta ta sa hannu a takardar. Hotunan sun zaga duniya, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan ya yi tir da abin, ɗaliban jami'a suka fito kan titi a ƙarshen watan aka yi kwanaki ana arangama, malaman coci suka shiga maganar. A Agustan 1999 Moi ya sanar da dakatar da rabon filayen gwamnati, gine-ginen kuma suka tsaya. Hukumar binciken filaye da aka fi sani da ta Ndung'u ta tabbatar a rahotonta na 2004 cewa an yi irin wannan rabo ba bisa ƙa'ida ba a faɗin ƙasar, a shekarar kuma aka ba Maathai kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Ba zan ce matsayin wurin bai taimaka ba. Da dajin yana wani lungu ne inda babu jakadu da 'yan jaridun duniya, mai yiwuwa da an cinye shi ba wanda ya ji. Amma waɗanda suka sha duka ba mazauna Muthaiga ba ne, kuma wannan gaskiya ce da nake ganin ya wajaba a riƙa faɗa duk lokacin da aka yabi kyan unguwar.

Hana gini bai mayar da dajin wurin zuwa ba. Shekara goma bayan haka ya kasance maɓoyar 'yan fashi, inda ake yasar da gawa, mutanen gari na tsoron ko tsayawa a bakinsa. A nan ne maƙwabta masu hali suka taka rawarsu ta gaskiya. Dokar gandun daji ta 2005 ta ba al'ummar da ke kewaye da daji damar kafa ƙungiya su yi haɗin gwiwa da hukuma wajen kula da shi, a 2009 kuma aka kafa ƙungiyar Friends of Karura Forest, da ƙoƙarin Alice Macaire, matar jakadan Birtaniya na lokacin. Aka tara kuɗi aka kewaye dajin da shingen lantarki, aka share hanyoyin tafiya da suka haura kilomita 50, aka ɗauki masu gadi da ma'aikata, da yawansu daga Huruma, wata unguwar talakawa da ke manne da dajin. Yanzu ana biyan kuɗin shiga, ana sare itatuwan turare sannu a hankali ana dasa na asali, har an dawo da birai masu baƙi da fari da ake kira kolobas waɗanda suka daɗe da ɓacewa daga wurin. Ina yaba wannan aiki ƙwarai, amma ina kuma lura cewa shinge da kuɗin ƙofa sun canza dangantakar talaka da dajin: matar da a da take shiga ta yi itacen girki yadda ta ga dama, yau sai da izini da ƙa'ida.

Mathare, wadda ka gani a gangare

Ƙoramar da ke wanke ƙafar Muthaiga ita ce dai take tsallake titin Thika ta shiga kwarin Mathare. A da wurin fasa dutse ne, daga nan aka ɗebi duwatsun da aka gina Nairobi da su, ma'aikata kuma suka fara kwana a ramukan da aka bari tun zamanin Turawa. An rushe matsugunin a lokacin dokar ta-ɓaci ta shekarun 1950 bisa zargin ɓoye 'yan Mau Mau, bayan 'yanci ya sake cika fiye da da. Ƙidayar 2019 ta nuna sama da mutum 200,000 a ƙaramar hukumar Mathare, a fili da bai wuce murabba'in kilomita uku ba. Ruwan sama iri ɗaya ke sauka a kansu da Muthaiga, kuma itacen da aka dasa a can zai kama. Abin da babu shi ne wurin dasawa, da tabbacin cewa ba za a tashe ka gobe ba, domin ba wanda ke dasa itacen da zai yi shekara ashirin kafin ya ba da inuwa a ɗakin kwano da yake haya wata-wata. A Afrilun 2024 ambaliya ta bi kwarin da dare ta kashe mutane da dama, daga baya hukuma ta rushe gidajen da ke bakin ruwa.

Na taɓa tsayawa a shataletalen Muthaiga da misalin ƙarfe shida na safe, cikin hazon watan Yuli, ina kallon mutane suna haurowa daga kwarin a ƙafa, layi-layi, maza da jakar leda a hammata, mata da mayafi a kafaɗa saboda sanyi. Na bi wani dattijo muna tafe muna hira da ɗan Suwahilin da nake ji. Ya ce shekara ashirin da wani abu yana kula da lambun gida ɗaya, ya san kowane itace a ciki da lokacin furensa, wasu ma shi ya dasa su suna tsawon gwiwa. Da muka isa ƙofar sai ya kankare jan laka daga takalminsa a jikin dutsen bakin hanya, ya gaisa da mai gadi, ya shige.

Iyakar abin da na faɗa

Abin da na kawo maka kallon mai tsara birni ne, wanda ya dogara da taswira da dokokin fili da abin da ido ya gani a wani ƙayyadadden lokaci. Masanin tsirrai zai ba ka labarin kurmin da zurfin da ya wuce nawa, dattawan Kikuyu da kakanninsu suka rasa ƙasar nan kuma suna da nasu labarin, wanda ya fi na takardun hukuma zafi. Kwatancen da na yi da Nassarawa shi ma yana da iyaka, domin dokar filaye ta Nijeriya ta 1978 ta bi wata hanya daban da ta Kenya. Sannan maganar ba ta ƙare ba: unguwannin da ke kusa, irin su Parklands, sun riga sun cika da dogayen benaye bayan an sassauta dokar gini, masu gidajen Muthaiga suna ta fafutukar kada hakan ta same su, kuma ko a 2024 an kai ƙara kotu kan shirin yankar wani ɓangare na Karura domin faɗaɗa titin Kiambu.

Idan Allah ya sake kai ka, ka nemi rabin yini ka shiga dajin ta ƙofar titin Limuru, ka bi hanyar da ke gangarawa zuwa matsirgar ruwa, ka lura da daidai inda jerin itatuwan turare ya ƙare kurmin asali ya fara, domin za ka ji canjin a jikinka kafin ka gan shi. Daga nan ka sa direba ya bi da kai ta babban titin Muthaiga har shataletale, ka sauka ka tsaya a kan gadar masu tafiya a ƙafa ta titin Thika, inda za ka iya ganin kan itatuwan tudun ta hannu ɗaya, rufin kwanon kwarin ta ɗaya hannun, da ƙoramar da ta ratsa su duka.